Minti Biyu da Rabi a Siyatil: Nazari kan Satar Kebul a Tashoshin Cajin Mota

Saura 'yan mintoci ƙarfe biyu na dare ya buga, cikin watan Afrilun 2024, wata a-kori-kura ƙirar Chevrolet Silverado ta tsaya a tashar cajin motocin lantarki da ke gefen filin ajiye motoci na wata cibiyar kasuwanci a Siyatil, birni mafi girma a jihar Washintan ta Amurka. Mutum biyu suka fito, ɗaya ɗaure da fitila a goshi. Wannan ya riƙa datse kebul ɗin caji da babban almakashin yanke ƙarfe, wancan yana kwasa yana lodawa a bayan mota. Kafin minti biyu da rabi ya cika sun yi layar zana. Kyamarar tsaro ta ɗauki komai tun daga zuwansu har tafiyarsu, ba ta kuma hana komai ba.

Kamfanin dillancin labarai na AP ne ya fito da labarin wannan dare a watan Yunin shekarar, tare da alƙaluman da suka nuna cewa abin ya wuce tsautsayin dare ɗaya. Electrify America, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin caji mai sauri a ƙasar, yana da tashoshi 968 da kawunan caji kusan 4,400 a lokacin. Shekara biyu kafin nan, a cewar kamfanin, sai a yi wata shida ba a yanke masa kebul fiye da ɗaya ba. A 2023 an yanke 125. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayun 2024 kaɗai an yanke 129. Anthony Lambkin, mataimakin shugaban kamfanin mai kula da ayyuka, ya ce akwai tasha ɗaya a Siyatil da aka yanke wa kebul har sau shida cikin shekara guda. A gyara, a dawo a yanke, a sake gyarawa.

Wannan tasha mai sau shida ita ce zuciyar lamarin. Sata ta farko ana iya cewa ƙaddara ce. Ta shida kuwa tana nufin ɓarawon ya gano cewa duk lokacin da ya dawo zai tarar da sabon kaya rataye a inda ya bar tsohon, kuma ba wanda zai ce masa kanzil.

Abin da ɓarawo yake nema

Jan ƙarfe ne. A watan Mayun 2024 farashinsa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba kafin nan: kusan dala 5.20 kowane fam na nauyi (ƙasa kaɗan da rabin kilo) a kasuwar Amurka, sama da dala 11,000 kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan. Dalilan tashin suna da yawa. An rufe babbar mahaƙar Cobre Panama a ƙarshen 2023, masu hada-hadar kasuwa sun yi rububin saye, sannan buƙata ta ƙaru saboda layukan wuta, cibiyoyin ajiye bayanan kwamfuta, da su kansu motocin lantarkin, waɗanda kowace ɗaya ke cin jan ƙarfe fiye da ninki biyu na motar fetur. Wato motar da ta taimaka wajen tsadar jan ƙarfen ita ce aka bari tsaye babu caji saboda tsadarsa.

Sai dai abin da ɓarawon yake samu bai taka kara ya karya ba. Sajan Robert Carson, wanda ke jagorantar sashen yaƙi da satar ƙarafa na 'yan sandan Hiyustan a jihar Teksas, ya ƙiyasta cewa kebul ɗaya ba ya kawo wa mai sata fiye da dala 15 zuwa 20 a wurin dillalan tsoffin ƙarafa. Kaurin kebul ɗin ne ke yaudarar ido. Mafi yawansa roba ce, da ƙananan wayoyin da mota da injin caji ke musayar bayanai ta cikinsu, da kuma, a injina masu ƙarfi sosai, bututun ruwan sanyaya. Injin da ke ba da kilowat 350 yana tura wutar da ta kai amfiya 500. Da za a ce jan ƙarfe kaɗai zai ɗauki wannan wuta ba tare da ya yi zafi ba, kebul ɗin zai yi nauyin da direba ba zai iya ɗaga shi ba. Shi ya sa ake zagaya ruwan sanyaya a ciki, a rage jan ƙarfen. Kebul mafi tsada a tashar, sau da yawa, ba shi ne mafi yawan jan ƙarfe ba. Ɓarawo bai san wannan ba, ko kuma bai damu ba, tunda datsewa ɗaya ce.

Ga kuma ɗaya ɓangaren lissafin. A Miniyafolis, inda aka sha yanke kebul a tashoshin caji na birni, jami'in ma'aikatar ayyuka Joe Laurin ya ce maye gurbin kebul ɗaya yana cin kusan dala 1,000. Na injinan sauri masu ruwan sanyaya sun fi haka tsada. A Hiyustan an taɓa kwashe kebul 18 cikin 19 a wata tashar Tesla. Idan aka yi lissafi da dala 20, ɓarayin ba su tashi da fiye da dala 360 ba. Idan aka auna asarar da farashin Miniyafolis, dala 18,000 ke nan, ban da cinikin kwanakin da tashar ta yi a rufe. Carson da ya je duba ɓarnar ya ce cikin 'yan mintocin farko da isarsa ya ga motoci kusan 10 sun zo sun juya.

Mai karatu zai iya tambaya: wutar da ta isa ta kashe mutum nan take, yaya ake sa mata almakashi a tafi lafiya? Amsar ita ce kebul ɗin da ke rataye babu wutar caji a cikinsa. Injin ba ya sakin ta sai an jona kan cajin a mota, su biyun sun gaisa ta wata siririyar waya, an tabbatar komai ya zauna daidai. An tsara haka ne domin kare yaro mai wasa da direban da ke caji cikin ruwan sama. Kariyar kuwa ba ta tambayar wane ne ya riƙe kebul ɗin. Mai satar wayar wuta a kan turke yana saka ransa a caca. Mai satar kebul ɗin caji bai fi mai yanke tiyo shiga haɗari ba.

Tashar da babu kowa

A ganina nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi gujewa magana. Gidan mai yana da shago, yana da ma'aikaci a bayan kanta, yana da fitilu da masu shige da fice har tsakar dare. Tiyon famfon mai ba shi da wata daraja a kasuwar tsoffin kaya. Tashar caji kuwa an gina ta a kan tunanin cewa ba a buƙatar mutum: direba ya zo, ya biya da kati ko manhajar waya, ya jona, ya tafi. Rashin ma'aikaci na cikin abin da ya sa lissafin kasuwancin ke fita. Sannan mai filin da ke ba da haya ba ya son a cinye masa wuraren ajiye mota na kusa da ƙofar shago, kuma jawo babbar wuta ya fi sauƙi kusa da inda taransifoma take. Saboda haka sai a kai injinan can ƙarshen fili, gefen katanga, inda bayan shaguna sun rufe ko kare ba ya bi. An ɗauki ƙarfe mai daraja, an rataye shi a waje daidai tsayin hannu, an cire masa wuta, an kashe fitilar shago an tafi gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba wai ana wanke ɓarawo ba ne. Amma kuɗin mai gadi da aka ƙi biya bai ɓace ba, ya dawo ne da sunan kuɗin kebul, kuɗin injiniya, da kwanakin jiran kayan gyara.

Siyatil na cikin biranen da suka ji abin a jika, ga shi kuma jihar Washintan tana cikin jihohin da suka fi sayen motocin lantarki a Amurka. Wutarta tana da araha saboda madatsun ruwa, kuma a 2022 jihar ta bi sahun Kalifoniya wajen ƙudurin cewa daga 2035 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar ta zama mara hayaƙi ko mai haɗa caji da fetur. 'Yan sandan birnin sun ce daga farkon 2024 zuwa lokacin rahoton AP an kawo musu ƙarar irin wannan sata sau bakwai, daidai da na shekarar 2023 gaba ɗayanta. Bakwai ba wani adadi ba ne a birni mai girman Siyatil, kuma wannan ma wani ɓangare ne na matsalar. A teburin ɗan sanda, kayan dala 20 ko ma ɓarnar dala dubu ɗaya ba ta gaban fashi da kisa da fasa gidaje. Fayil ɗin yakan kwanta.

Wanda abin ya fi shafa ba mai gida da gareji ba ne. Shi yakan jona motarsa da dare, ya wayi gari batir cike, bai ma san an yi sata ba. Mai haya a bene, direban Uber ko Lyft da ke caji sau biyu a yini, da matafiyin da ya iso da kashi biyar cikin ɗari a batir, su ne ke tsayawa gaban injin da guntun kebul ke reto a jikinsa. Kuma dama can amana ta yi ƙaranci. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 2022 ya gwada kawunan caji 657 a tashoshi 181 na yankin San Faransisko, ya tarar kashi 72.5 cikin ɗari ne kawai ke aiki. Binciken kamfanin nazarin kasuwar motoci J.D. Power na 2023 da 2024 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na zuwa tashar caji yana ƙarewa ba a yi cajin ba. Lalacewar allo ko na'urar karɓar kati abu ne da ba ya fitowa a hoto. Yankakken kebul kuwa yana fitowa sarai, kuma hoton yana yawo a intanet har gaban wanda ke tunanin sayen motar lantarki bai riga ya yanke shawara ba.

Akwai wani saƙo a cikin dokar tarayya da ya kamata a lura da shi. Dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 7.5 domin tashoshin caji, biliyan 5 daga ciki ƙarƙashin NEVI, shirin ba jihohi kuɗin gina tashoshin. Ƙa'idar shirin ta ce kowane kan caji da aka gina da kuɗin dole ya kasance yana aiki fiye da kashi 97 cikin ɗari na lokaci. Amma wajen lissafin, ana cire lokutan da tashar ta tsaya saboda abin da ya fi ƙarfin kamfani, kamar ɗaukewar wuta, bala'o'in yanayi, da ɓarnar maɓarnata. Ana iya fahimtar dalili, domin ba a hukunta wanda aka yi wa sata. Sai dai sakamakon shi ne tashar da ta kwana bakwai babu kebul tana iya fitowa da maki mai kyau a takarda, alhali direba ya kwana bakwai yana juyawa. Kamfanin da ya zaɓi lungu mai duhu don arahar haya, ƙa'idar ba ta tambaye shi dalilin zaɓin ba.

Matakan da aka ɗauka

Electrify America, wanda aka kafa da dala biliyan 2 da Volkswagen ya amince zai zuba a yarjejeniyar sasanta shari'ar maguɗin gwajin hayaƙin motocin dizal, ya fara da ƙara kyamarori da haɗa kai da 'yan sanda. Mun riga mun ga iyakar kyamara: tana ba da labari bayan an gama. Mutum mai hula da takunkumi, a motar da aka cire wa lamba, ba ya tsoronta.

A Janairun 2025 ChargePoint, wani kamfanin injinan caji, ya sanar da kebul mai wuyar yankewa, wanda ya ce zai ba sauran masu ƙera injina lasisin amfani da shi, da kuma tsarin ƙararrawa mai suna ChargePoint Protect, wanda ke kunna jiniya da fitilun injin ya kuma aika wa mai tashar saƙo da zarar an taɓa kebul. Wata guda bayan haka aka ga wani abu a wata tashar Tesla: an sa wa kebul riga mai ɗauke da shuɗin rini a matse, mai suna DyeDefender, wanda ke fesa wa mai yanka a jiki da tufafi. Kamfanin da ya yi shi dama sana'arsa kare tukunyar tace hayaƙi ce ta ƙarƙashin mota, wadda ita ma ɓarayi suka addaba a shekarun baya saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Max de Zegher, mai kula da harkar caji a Tesla, ya ce rinin gwaji ne kawai. Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne zana sunan kamfanin a jikin jan ƙarfen kansa tun daga masana'anta, yadda ko an feɗe robar, mai saye zai ga na wane ne.

Rinin ne ya ja hankalin jama'a, amma zanen sunan ya fi shi hikima, saboda shi kaɗai ne ya bi kayan har inda ake mayar da su kuɗi. Sulken hana yanka kuwa yana ƙara wa kebul nauyi da tauri, kuma kebul ɗin caji mai sauri dama yana wahalar da tsofaffi da masu keken guragu, balle a lokacin sanyi da robar ke sandarewa. Sannan almakashi ba shi ne ƙarshen kayan aiki ba. Injin yankan ƙarfe mai batir yana nan a kowane shagon kayan gini. Abin da sulke ke saya minti ne, kuma minti ba shi da amfani sai in akwai mai zuwa. Jiniya a filin da babu kowa cikin ƙarfe biyu na dare, wa take kira?

Wani abu kuma yana tafiya a kishiyar hanya. Kebul ɗin tsoffin tashoshin Tesla gajere ne, domin duk motocin kamfanin a wuri ɗaya suke da bakin caji, baya ta hagu. Tun da Ford da General Motors suka amince a 2023 su koma irin kan cajin Tesla, sauran kamfanoni suka biyo baya, dole sababbin injinan su zo da kebul mai tsawo don ya kai ga motocin da bakinsu ke gaba ko dama. Ƙarin tsawo ƙarin jan ƙarfe ne a rataye.

A caji mai jinkiri akwai mafita mai sauƙi, kuma Turai ta daɗe da ita: turken caji na gefen titi soket kawai gare shi, direba ke zuwa da kebul ɗinsa ya tafi da abinsa. Kamfanin itselectric ya kawo wannan salo wasu biranen Amurka. Kamfanin wutar birnin Siyatil kuma, Seattle City Light, ya ɗora wasu injinansa na gefen titi a saman turakun wuta, kebul ɗin yana naɗe a sama sai direba ya kira shi ya sauko. Amma caji mai sauri ba ya karɓar wannan dabara. Kebul mai ruwan sanyaya haɗe yake da famfo da tankin da ke cikin injin, ba abin da za a naɗe a jefa a but ba ne.

Mai saye

Kebul ɗin da aka yanke ba shi da amfani ga kowa sai an kai shi sikeli. Carson ya bayyana cewa ɓarayi sukan ƙone robar su kai jan ƙarfen tsirara, yadda ba a gane daga ina ya fito. Jihar Washintan, kamar yawancin jihohi, tana da dokar da ta wajabta wa dillalan tsoffin ƙarafa rubuta bayanan mai sayarwa da duba katin shaidarsa, ta kuma taƙaita biyan tsabar kuɗi. Ƙungiyar masu sana'ar, Recycled Materials Association, tana rarraba wa mambobinta sanarwar kayan sata daga 'yan sanda. Duk da haka kayan suna samun kasuwa. Dillali ɗaya mai kau da kai ya ishi gari, kuma akwai masu saye a bayan mota da ke tara kaya su haɗa da na halal su tsallaka da su wata jiha.

Minesota ta ɗauki hanya mafi tsauri. Bayan ɓarayi sun bar unguwannin birnin Sen Fol cikin duhu ta hanyar zare wayoyin fitilun titi, majalisar jihar ta yi doka a 2024, Gwamna Tim Walz ya sa hannu, cewa daga 1 ga Janairun 2025 mai son sayar da tsohon jan ƙarfe sai ya mallaki lasisi. Masu sana'ar sun garzaya kotu suna cewa dokar za ta shaƙe masu gaskiya. Suna da hujja ta wani gefen: mutumin da ya canza bututun gidansa bai kamata ya zama abin zargi ba. Amma aƙalla dokar ta daina dukan taiki ta juya ga jakin.

Birtaniya ta riga Minesota gwada irin wannan. Dokarta ta 2013, wadda ta shafi Ingila da Wales, ta wajabta lasisi ga dillalai, duba shaidar mai sayarwa, da haramta biya da tsabar kuɗi gaba ɗaya. Satar ƙarafa ta ragu sosai a shekarun da suka biyo baya. Amma ga shi yau kamfanin InstaVolt na can yana sa wa kebul ɗinsa riga, yana shafa musu ruwan shaida da ake ganowa a ɗakin bincike, yana saka na'urar bin sawu. Doka tana aiki ne gwargwadon yawan jami'an da ke shiga yadin dillalai suna buɗe littafi, kuma idan hankali ya koma wani wuri, ɓarayi sukan riga kowa sani.

A Amurka an fara ganin wata amsa daban, ko da yake ba don sata kaɗai aka yi ta ba. A farkon 2024 Electrify America ya buɗe tasha ta cikin gini a San Faransisko, mai injina 20, da ɗakin jira, da ma'aikata da tsaro dare da rana. Ionna, haɗin gwiwar manyan kamfanonin mota, yana gina tashoshi masu rumfa da fitilu da bayan gida, wasu har da shago, kuma ta farkonsu a Arewacin Karolina tsohon gidan mai ce aka gyara. Mercedes-Benz yana kafa injinansa a harabar manyan shagunan kan hanya na Buc-ee's, waɗanda ba sa rufewa. Irin waɗannan wurare suna da tsadar gini da tsadar gudanarwa, kuma direba ne zai biya bambancin a farashin kowane kilowat. Sauran ɗaruruwan tashoshin da aka riga aka kafa a ƙarshen filayen ajiye motoci kuwa suna nan inda suke, da yarjejeniyar haya ta shekaru da wayoyin da aka binne a ƙarƙashin kwalta, kuma matsar da ko ɗaya daga cikinsu zuwa kusa da ƙofar shago ya fi sayen kebul na bakwai tsada nesa ba kusa ba.